Abincin Mavis Ƙarfe Biyar

Merv Hanlon ya yi shekara saba'in da shida bai taɓa ajiye mage ba. Sai da matarsa ta rasu, 'yarsa Raelene ta fara zuwa daga Melbourne da takardu masu hotunan tsofaffi suna washe baki a kan ciyawa. Gidan kula da tsofaffi ne, wai har da mai zuwa kaɗa musu piyano ranar Laraba. Shi kuwa Merv gidansa na gefen dajin Creswick yake so, ya kuma rantse ba mai fitar da shi sai a kwance.

"Baba, kai kaɗai ne a gidan nan," in ji Raelene. "In wani abu ya same ka, wa zai sani?"

Don ya toshe mata baki ne ya tafi gidan da ake tara dabbobin da masu su suka sallama. Aka nuna masa 'yan kyanwoyi masu tsalle-tsalle, ya wuce su. A kejin ƙarshe ya tarar da wata tsohuwar mage mai yagaggen kunne, ta yi masa irin kallon da surukarsa ta yi masa ranar da ya je neman aure. Sunan magen Mavis, shekararta goma sha huɗu. Ya karanta katin da ke jikin kejin har sau biyu, ya ce a ba shi ita, a haɗa masa da katin.

Da Raelene ta gan ta sai ta riƙe ƙugu. "Wannan ce za ta kula da kai? Haƙoranta nawa ma?"

"Uku. Ta fi ni da ɗaya."

An gaya masa tsohuwar mage akwai natsuwa da godiya. Natsuwa kam ya gani, don ranar da ta shigo ta haye kujerarsa ta gaban talabijin ta natsu a kai, shi ya koma ta katako. Godiyar ce dai har yau tana hanya. Ɓera ya taɓa bi ta gaban hancinta, ta buɗe ido ɗaya ta raka shi da shi har ƙofa. Abu guda ta iya a duniya: ƙarfe biyar na yamma a ba ta kifin gwangwani. In aka ƙara minti ɗaya sai ta saki wani kuka kamar tsohuwar ƙofa mai tsatsa, ba ta fasawa sai ta ga kwano. Duk da haka Merv ya samu wanda zai yi wa ƙorafin gwamnati da safe, kuma gaskiya ya ji daɗin hakan.

Maƙwabciyarsa Dulcie, wadda ke zuba wa tsuntsaye tsaba a bayan gidanta, ta leƙo ta kan shinge ta ja masa kunne: ranar da magen nan ta taka mata fili, za ta kira hukumar gari.

Watan Nuwamba ya kama, wanda a can shi ne farkon bazara, zafi ya taso, busasshen ganyen itacen turare ya cika indararon rufi. Duk mai gida a gefen daji ya san ana kwashe shi kafin lokacin gobara. Raelene ta ce kada ya kuskura ya taɓa tsani, za ta turo mai yi. A turo wa Merv wani ya share masa indararonsa? Tun tana cikin zanen goyo yake hawa rufin nan. Wajen ƙarfe uku ya jingina tsani ya hau, ya kwashe rabi lafiya lau, sannan ƙasa ta karɓe shi.

Ƙugu ya karye. Wayarsa tana kicin. Ya kira Dulcie har muryarsa ta dushe, amma ita talabijin ɗinta ake ji har titi. Nan tsoro ya kama shi sosai, ba na mutuwa ba, na piyanon Laraba.

Can sai ga Mavis ta fito ta ƙofar da ya bari a buɗe. Ta shinshina kunnensa.

"Yauwa, 'yar albarka. Je ki kira wani."

Ta ga jikinsa ya yi inuwa mai kyau, ta kwanta a ciki ta yi barcinta. Kusan awa biyu yana gasuwa a rana, tana minshari.

Biyar na cika ta miƙe, ta tsaya a kansa ta fara kukan nan. Bai tashi ba. Ta ƙara, bai tashi ba. Da ta tabbata wannan ma'aikacin ya lalace, sai ta taka cikinsa ta wuce, ta bi ta ramin shinge, ta je ƙofar Dulcie ta ɗora daga inda ta tsaya.

Ba a yi minti biyar ba Dulcie ta shigo da mage a hammata, tana huci. "Merv Hanlon, ban gaya maka ba? Yau sai hukuma ta… Me kake yi a ƙasa?"

"Iska nake sha, Dulcie."

A asibiti aka sa masa ƙarfe a ƙugu. Raelene ta zo da ido jajur, da takardun nan a jaka, wannan karon har da biro.

"Magana ta ƙare, Baba. Na samo maka ɗaki."

"Mavis fa?"

"Ba sa karɓar dabba. Sai a mayar da ita inda ka ɗauko ta."

Merv ya ce, "To. Katinta yana manne a jikin firji, ki tafi musu da shi. Ba sai sun wahala rubuta sabo ba, dalilin bai canza ba."

"Wane dalili?"

"Na haddace shi. 'An kai mai ita gidan tsofaffi. Iyali ba su da wuri. Ba ta da wani laifi, tsufa ne kawai.'"

Raelene ta miƙe. Ta ɗauki jakarta ta fita, ko sallama babu.

Bayan sati shida ta zo da mota ta ɗauke shi. Bai tambayi inda za su ba, don yana tsoron amsar. Sai da ya ga sun karya kwanar layinsu ya saki numfashi. An kafa masa ƙarfen dafawa a bakin ƙofa, indararo tas, Dulcie tana tsaye da mabuɗin gidan a hannu, hannun duk sawun farce. Tsani kuwa babu shi babu alamarsa.

"Na kyautar da shi," in ji Raelene. "Kuma kada ka ɗauka don kai na yi. Ba zan iya sake kai ta can da katin nan ba ne."

Ya dogara sanda ya shiga falo, ƙwalla ta cika masa ido. Mavis tana kan kujerarsa, ta ƙara ƙiba. Sati shida ba ta gan shi ba. Ta ɗago kai ta dube shi, ta dubi ƙofar kicin, ta buɗe baki.

Merv ya duba agogo. Biyar da minti ɗaya.