Gayauna a Sashen Kwamfuta

Duk wanda ya tsara dogon hutun makaranta ya faɗo a tsakiyar damina, ko dai bai taɓa riƙe fartanya ba, ko kuma yana da gona da 'ya'ya maza. Mahadi ya fi zargin na biyun. Ranar da ya gama sakandare ya dawo garinsu Ƙarfi daga makarantar kwana a Malumfashi, da akwati da bokiti, mahaifinsa Malam Mamuda ya yi masa barka da zuwa, ya tambayi lafiyar malamai, sannan ya nuna masa inda aka jingine fartanyarsa. Har sabuwar ƙota aka sa mata, saboda murnar ya gama karatu.

Sati bakwai ya yi yana hutawa. Ya huta a noman fari, ya huta a maimai, ya huta da tankin feshi a baya har kafaɗunsa suka yi kanta. A gidan Malam Mamuda har gobe gandu ake yi: uba da 'ya'yansa maza gona ɗaya, rumbu ɗaya. Kowane ɗa kuma yana da 'yar gayaunarsa, wadda yake nomawa ranar Juma'a, abin da ta bayar nasa ne. Masifar Mahadi ita ce ya iya noma. Yayyensa biyu, Jibril da Ummaru, suna yi ne kamar an ɗaure su, shi kuwa ko da ransa a ɓace kunyar da ya noma sai ta fito a miƙe kamar an ja igiya. Mutane har tsayawa suke a bakin gayaunarsa suna yabon masara. Duk yabo ɗaya, sai ya ji an ƙara masa shekara a gandu.

Hanyar fita ɗaya ce, tana cikin aljihun akwatinsa. Wata sabuwar kwaleji ce da wani attajiri ya gina a kan hanyar Funtua, gaba da Bakori kaɗan. Kwalejin ba ta da girman kai, don tun sakamakon jarrabawa bai fito ba ta ɗauke shi, a sashen kwamfuta. Abin da ya rage shi ne shafin ƙarshe na fom, inda uba zai sa hannu cewa ya yarda, kuma ranar Litinin za a rufe karɓa. In Malam Mamuda ya sa hannu, Mahadi zai koma zama a ɗaki mai fanka, yana taɓa maɓallai da yatsu biyu. In bai sa ba, ga fartanya nan da sabuwar ƙota.

Ranar Alhamis da la'asar ya sami mahaifin a ƙofar gida yana gyaran igiyar shanu. Ya durƙusa, ya miƙa fom, ya biyo da waya don a ga hoton makarantar: bene mai gilashi, ruwa yana tsartuwa sama a tsakar fili, ga ɗalibai suna dariya a kan koren fili, babu ko ɗaya da ya yi kama da wanda ya taɓa shan kunun tsamiya.

Malam Mamuda ya daɗe yana kallo.

"Wannan ciyawar, wa ya bar ta haka?"

"Ado ne, Baba. Shuka ta ake yi."

"Shuka ta ake yi." Ya mayar da wayar. "Ni ban taɓa karɓar gona a hoto ba. Sai na taka wurin da ƙafata."

"Ai ba gona ba ce, Baba."

"To sai na taka in ga ba gona ba ce. Jibi."

Ranar Asabar da hantsi suka hau babur, uba a gaba, ɗa a baya. Mahadi ya sa farar shadda ta sallah, ya goge takalmi, ya sa fom a leda saboda hadari. Malam Mamuda ya sa rigar da yake zuwa kasuwar hatsi da ita, domin a wurinsa tafiyar ta duba kaya ce.

Ƙofar kwalejin ba ta yi ƙarya ba. Tirela biyu za su shige ta a jere ba tare da sun gogi juna ba, an rubuta suna da haruffa masu ruwan gwal, har da tambari mai littafi da fitila. Zuciyar Mahadi ta yi fari. Wani tsohon maigadi mai suna Mudi ya taso daga kan benci, ya buɗe musu ƙaramar ƙofar gefe, don babbar, in ji shi, sai ranar da mai makarantar zai zo.

Suna shiga suka tarar da masara.

Masara ce dama da hagu, iya ganin ido, da titi ɗaya na jar marmara a tsakiya. Can nesa akwai dogon gini guda mai rufin kwano shuɗi, da wani rabin gini da ƙarafa suka tsira a kansa suna jiran siminti.

"Ina benen?" in ji Mahadi.

"Yana tafe," in ji Mudi. "Komai yana tafe. Kafin ya iso aka raba wa ma'aikata filin, kowa ya ɗan taɓa. In ka bi allunan za ka ga komai a wurinsa."

Gaskiya ya faɗa. Kwalejin a tsare take, ba a bar komai ba. Kowane abu yana da allonsa, an kafa shi daidai inda ginin zai zauna wata rana. Suka ajiye babur suka bi titin da ƙafa, Mahadi yana karanta alluna da murya mai raguwa, mahaifinsa yana karanta abin da ke bayansu.

"Babban ɗakin karatu," in ji Mahadi.

"Waken suya. Ba laifi, amma ya cika shi da yawa."

"Ɗakin kwanan ɗalibai maza."

"Wannan dawa ce. Ciyawar wuta-wuta ta kama ta, mai ita bai ma sani ba."

"Filin wasanni."

"Fadama ce. Shinkafa ya kamata, wani ya zo ya zuba gyaɗa. Wane ne wannan?"

Mahadi ya duba ƙasan allon, inda aka rubuta sunan mai gonar da gawayi. "Magatakarda."

"Allah ya kyauta," in ji Malam Mamuda.

Inda ruwa ke tsartuwa a hoto, rijiya suka samu, da guga. Suka leƙa dogon ginin ta taga. Kujeru sababbi fil, ko ledarsu ba a cire ba, a ƙarshen ajin kuma an jera buhunan taki, inda ruwa ba zai taɓa su ba. Wannan ne abu na farko da Malam Mamuda ya yaba. Ya ce ko ba komai akwai mai hankali a makarantar.

Mahadi dai yana ta yi wa kansa lissafin haƙuri. Aji aji ne, ko da taki a ciki. Inuwa ce. Amma yana ganin yadda fuskar mahaifinsa ke ƙara tsukewa daga allo zuwa allo, ya san hukuncin da ake rubutawa a ciki: mutanen da ba su iya bambanta tudu da fadama ba, me za su koya wa ɗan mutum?

Allon ƙarshe shi ne nasa. Sashen Kimiyyar Kwamfuta. A bayansa akwai masara da ta kai gwiwa, a lokacin da ta Ƙarfi ta fara goyo. Ganyenta ya yi ruwan ɗorawa, kowane rami tsiro huɗu ko biyar suna kokawa. A tsakiyarta wani mutum ne da guntun wando da tsohuwar riga mai hoton 'yan ƙwallo, rungume da roba, yana watsa farin taki sama kamar mai ba kaji tsaba.

Malam Mamuda ya tsaya. Mahadi ya san tsayuwar.

"Baba, mu wuce, rana tana yi."

"Salamu alaikum, mai aiki."

"Wa alaikumus salam," in ji mutumin, bai daina watsawa ba.

"Bawan Allah, tsuntsaye kake ciyarwa ko masara?"

Mutumin ya tsaya. "Taki nake sawa, Malam."

"A'a, zubarwa kake yi. Yuriya ce wannan. Ka watsa ta a fili cikin wannan ranar, rabi ya bi iska, in an yi ruwa anjima sauran ya tafi gonar magatakarda. Ga shi ba ka yi cira ba. Wa ya ɗauke ka aikin nan?"

"Babu wanda ya ɗauke ni."

"To shi ya sa. Mai gonar ya san abin da kake yi masa?"

"Ya sani. Ni ne."

Mudi, wanda ya biyo su a hankali don kada a yi abu ba shi, ya gyara murya. "Dakta Almustapha ke nan. Shi ne shugaban sashen."

Mahadi ya dubi ƙasa ya ga babu ramin da zai ɗauke shi. Wannan ne mutumin da sunansa ke ƙasan takardar ɗaukarsa, da digiri uku a jere. Cikin minti ɗaya mahaifinsa ya mayar da shi ɗan ƙodago, ya kuma kore shi daga aikin. Yanzu ko an sa hannu, da wane ido zai zauna a ajinsa? Ya durƙusa cikin masarar, shadda da komai.

"Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri. Baba bai sani ba."

"Na sani yanzu," in ji Malam Mamuda. "Takin dai har yanzu a fili yake."

Dakta ya ajiye robar, ya share gumi da gefen riga. Mutum ne haifaffen birni, wanda ya karanta noman masara a waya cikin yini ɗaya, masarar kuma ba ta karanta abin da ya karanta ba.

"Malam, shekara biyu ke nan ina yi, ko na gasawa ba na samu. Matata har ta daina tambaya. Yaya ake yi?"

Abin da Mahadi bai taɓa gani ba ya faru: fuskar mahaifinsa ta saki. Shekara hamsin yana noma, masu takarda suna zuwa da mota suna gaya masa yadda ake yi. Yau ga ɗaya da guntun wando yana tambaya.

"Wannan ba abin baki ba ne, Dakta. Mahadi, nuna masa."

Mahadi ya auna abin da sauri. In ya ƙi, babu sa hannu. In ya yi aikin banza, mahaifinsa zai ce karatun sakandare ma ɓata shi ya yi, balle wannan. Ya yanke shawarar zai yi daidai gwargwado, kunya ɗaya, ba yabo ba zagi. Ya naɗe hannun shadda, ya karyo ɗan itace, ya tsinci marfin kwalba a bakin titi.

Hannuwansa ba su ji shawarar ba. Suka cire raunanan tsirrai suka bar biyu-biyu, suka tona rami tazarar yatsu huɗu daga gindi, marfi ɗaya na taki, dunduniya ta rufe, ya wuce na gaba. Kafin ya tuna abin da ya yanke, ya kai ƙarshen kunya ta uku, ya waiwayo ya ga aikin ya fito tsaf kamar na Ƙarfi. Dakta yana biye da shi da waya yana ɗauka.

"Ikon Allah," in ji Dakta. "Wannan ɗanka ne, Malam?"

"Ɗalibinka ne, in na sa hannu."

"Namu ne? Wane sashe?"

"Kana tsaye a cikinsa, ranka ya daɗe," in ji Mahadi.

"Ai kuwa irinsu muke nema. Masu kaifin basira."

"Su kwamfutocin suna ina?" in ji Malam Mamuda.

"Suna tafe. Wuta ma tana tafe. Zangon farko za mu fi ba da ƙarfi a kan allo."

"To kafin su iso, yaro ba zai zauna haka ba, ya lalace. A gidana kowane ɗa yana da gayauna. Wancan gefen, daga allon nan zuwa gidan tururuwar can, na wa ne?"

"Ba na kowa ba. Nan za a yi ɗakin gwaje-gwaje."

"A ba shi. Ya riƙa duba maka taka, ya noma tasa ranar Juma'a. Iri ni zan aiko."

Suka yi musabaha a kan haka, kamar an sayar da saniya a gabanta. Malam Mamuda ya karɓi fom da biro, ya dafa takardar a jikin allon sashen, ya rubuta sunansa da ajami a hankali, ya hura tawadar duk da ba ta buƙata.

"Da na ɗauka makarantar banza ce," ya ce. "Ashe suna da buƙata."

Mahadi ya karɓi takardar. Abin da ya yi sati bakwai yana mafarki ga shi a hannunsa, da shatin yatsa na jar ƙasa a gefe. Dakta ya ce ba sai ya jira Litinin ba, ya kawo, shi zai kai ta ofis da kansa, ya ninke ta ya sa a aljihun guntun wando. Sannan ya tambaya, cikin ladabi, ko sabon ɗalibi zai iya leƙowa Asabar mai zuwa, tunda har yanzu hutu ake, ga kuma huɗa ta matso.

"Zai zo," in ji Malam Mamuda. "Hutu yake."

A hanyar komawa hadari ya haɗo ta gabas. Malam Mamuda yana tuƙi yana magana da iska, wai ƙasar wurin jigawa ce mai kyau, in aka samu mai kula da ita sai ta ba Ƙarfi kunya, kuma Allah ya sa benen nan kada ya yi gaggawar isowa. Da suka wuce Bakori ya ɗan juyo.

"Fartanyarka za ka tafi da ita, ko in sa a ƙera maka wata ta makaranta?"

Mahadi ya dubi shaddarsa, wadda ta zama ja har gwiwa.

"A ƙera wata, Baba. Ta gida ai za ta yi amfani in an ba mu hutu."