Ranar da Sammani Ya Ce Babu

Duk faɗin Safana ba wanda zai ce ya taɓa jin kalmar "babu" daga bakin Sammani mai tsire. Ka roƙe shi ƙarin yanka, zai ƙara. Ka nemi aron babur, zai ba ka har da mai a ciki. Amma ba tsire ne ya ɗaukaka sunansa ba. Wata kwalba ce da yake ajiyewa a ƙarƙashin tebur, maƙare da kafso: ja da baƙi, ja da rawaya, har da waɗanda suka koɗe ba mai iya shaida launinsu.

Yadda yake tara su ba wuya. In aka rubuta masa magani, da ya sha kaɗan ya ji dama-dama sai ya ce ragowar haƙƙin jama'a ne. Mai mura ya zo, a ba shi biyu. Mai ciwon haƙori, biyu. Har wani da akuyarsa ta ɓata ya taɓa samun biyu, wai don hankalinsa ya kwanta.

Matarsa Mahfuza ta yi magana har bakinta ya gaji. "Maigida, kai fa mahauci ne, ba likita ba."

"Ke dai ba ki san daɗin kyauta ba," in ji shi.

Ana nan sai fitsari ya fara yi masa zafi kamar an barbaɗa masa yajin da yake zuba wa tsire. Ya sha biyu, shiru. Ya ƙara biyu, ko gezau. Ya zama rabin yininsa a bayan rumfa yake yi da buta, nama yana ƙonewa a kan wuta. Daga nan zazzaɓi ya kayar da shi.

To, a nan ne mutanen gari suka nuna su 'yan halak ne. Kowa ya zo dubiya da ɗan ƙunshin kafso a takarda. "Kai ka saba ba mu, yau ranar ramawa ce." Shi kuwa Sammani kara ta yi masa yawa, ina zai iya mayar da hannun kyauta? Duk wanda ya miƙo, a gabansa zai haɗiye, ya kora da koko, ya yi godiya. Amininsa tun ƙuruciya, Armaya'u mai hatsi, har Batsari ya je ya samo wasu dogaye koraye, ya rantse ko raƙumi ya sha sai ya miƙe.

Sammani bai miƙe ba. Ranar da ya dubi Mahfuza ya tambaye ta tsinke nawa za a naɗe mata, sai ta gane bai san wa yake yi wa magana ba. Ta samo akori-kura aka kwashe shi sai Katsina.

A asibiti aka ɗebi jini da fitsari, aka yi ta ƙara masa ruwa har ya dawo hayyacinsa. Da sakamako ya fito, wata likita ta ja kujera ta zauna. Ta ce ƙwayar cutar ta tashi daga mafitsara ta shiga jini, kuma an gwada mata magunguna iri-iri, ba wanda ya razana ta.

"Baba, wane magani kake sha a gida?"

Mahfuza ta zaro kwalbar daga cikin hijabi ta dire. Likita ta yi salati.

"Baba, in ana shan irin waɗannan barkatai, raunanan ƙwayoyin cutar ne ke mutuwa, masu taurin kan su rage su hayayyafa, su kuma kama wasu mutane. Yanzu irinsu sun bazu duniya. Indiya suna kuka da su, Turai ma haka."

Sammani ya gyara kwanciya, har da ɗan murmushi. "Kin ji ko, Mahfuza? Ni ban taɓa wuce Kano ba, amma ciwona ya zaga duniya."

Murmushin bai daɗe ba. Likita ta ce allura iri ɗaya ce ta rage wadda ƙwayar ke jin tsoro, in ita ma ta gaza sai addu'a. Sannan ta tambaye shi mutum nawa ya ba wa daga kwalbar. Ya fara ƙirgawa da yatsu har suka ƙare. Tsoro ya kama shi, ba na kansa kaɗai ba.

Allah ya sa allurar ta yi aiki. Ya sha ta har ƙarshe, ya koma Safana riga tana yi masa yawa. Kwalbar kuwa ya kasa zubar da ita, ya mayar da ita ƙarƙashin tebur.

Bai daɗe da komawa rumfa ba sai ga Armaya'u, yana tafiya a tattale, buta a hannu. Ya rage murya. "Sammani, abin nan naka ne ya same ni. Taimaka min da biyu."

Hannun Sammani ya tafi da kansa, har ya taɓa murfin. Sai ya tsaya.

"Babu."

Armaya'u ya dubi kwalbar, ga ta cike fal. Ya dubi amininsa. "Ni za ka ce wa babu? Ni da na je maka har Batsari?"

"Kai ɗin fa. Babu."

Masu jiran tsire suka zuba musu ido. Sammani ya ji kunyar da bai taɓa ji ba, har idonsa ya ciko da hawaye, ya ce hayaƙi ne. Ya bar naman a wuta ya tayar da babur.

"Hau, mu je asibiti a gwada ka."

Armaya'u ya hau ransa a ɓace, ya ƙi ko riƙe rigarsa. Har suka kai, da dafa kafaɗarsa kawai yake yi masa alamar a tsaya. Duk tsayawar da aka yi kuwa, Sammani ne yake riƙe masa buta.