Gidan Baba Yana Gangarowa

Gidan Babanmu a gefen tudu yake, kuma shekara huɗu ke nan yana tafiya. Ba gudu yake yi ba. Kowace damina yakan matsa taku ɗaya ko biyu zuwa gangare, da rumfar aikin Baba da bishiyar lemonsa da komai. Baba kuwa kafinta ne, irin waɗanda ba su yarda akwai abin da ya fi ƙarfin zarto ba.

Da ƙofa ta fara cijewa, sai ya kankare ta. Da tebur ya fara zubar masa da shayi, ya rage tsawon ƙafafunsa biyu. Gado ma haka. Kafin damina ta uku babu wani mai ƙafa huɗu a gidan da ya tsira sai kyanwa, ita ma don ba ta tsayawa ne.

Bana sai ƙasa ta tsage a bayan gida, tsaga mai zurfi da ke haɗiye hannu har kafaɗa. Baba ya yi murna, wai Allah ya ba shi kwata kyauta. Ya haɗa indararo na katako, ya juya duk ruwan rufin gida cikinta.

Ni ce autarsa, kuma tun rasuwar Inna ni kaɗai nake hawa tudun nan duba shi. Tsoro ya hana ni sakat, sai na ɗauko injiniya. Mutumin ya kalli turken wuta da ya sunkuya, ya kalli indararon, ya cire hularsa ya share gumi.

"Baba, duk abin da ke kan gangare nauyinsa yana jansa ƙasa, dutse ne ko gida," in ji shi. "Abin da ke riƙe da kai shi ne ƙasar nan a cije take da juna. Kai kuma kullum kana ɗura mata ruwa, tana ƙara nauyi, tana yin santsi. Rana ɗaya za ta saki gaba ɗaya."

Baba ya ɗora ma'auninsa mai ɗigon ruwa a kan tebur. Ɗigon ya tsaya cif a tsakiya.

"Karanta min wannan, ɗana."

"Teburin daidai yake, Baba. Gidan ne ya karkace."

"To ai a kan tebur nake cin abinci."

Injiniya bai ƙarasa shayinsa ba. A bakin ƙofa ya ce min in fitar da tsohon nan kafin babban ruwa, ko da a goye ne.

Na roƙi Baba, na yi kuka, na haɗa shi da Allah da Annabi. Ya ce ba ya barin gidan da bai ga laifinsa ba. Na koma gidana raina a ɓace, na ɗauki guduma na ɓalle ƙofar kicin, sannan na kira shi a waya.

"Baba, ƙofata ta faɗi. Kafintan unguwarmu ya ce ba ta gyaruwa."

"Wa ya ce?"

Kafin la'asar ya iso da akwatin kayan aikinsa.

Washegari kujera ta karye. Ranar Laraba taga. Kullum da yamma Baba ya tattara kayansa ya ce gobe zai koma, kullum da safe wani abu ya sake lalacewa, shi kuma ya zauna yana zagin wanda ya yi mana kayan ɗaki. Ruwa kuwa ana ta tsugawa ba ɗagawa. Maigidana ya koyi cin abinci a tsaye. Abu ɗaya kawai ya roƙe ni: "Don Allah ranar da kika zo kan gado, ki bari in sauka tukuna."

Rana ta tara ina tsaye gaban kabad da guduma a hannu, sai maƙwabcin Baba ya kira. Tudun ya saki da hantsi. Gida da rumfa da lemo duk suna can bakin titi ƙarƙashin laka da duwatsu, kuma ba a rasa rai ba.

Daɗi ya kama ni, amma da na tsuguna gaban Baba na faɗa masa sai kunya ta rufe ni.

"Har da rumfar?" ya tambaya.

"Har da ita, Baba."

Ya kalli hannayensa. Can ya ce, "Auta, ba ki iya ɓarna ba. Tun ranar farko na ga sawun guduma." Ko abincin rana bai taɓa ba.

Na ɓoye gudumar, tunda aikinta ya ƙare. Da safe na fito ɗora ruwan zafi, sai na tarar da shi tsugune a bakin kicin, yana zare ƙusoshin ƙofar da ya gyara da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya, a hankali don kada mu ji.

Bai ɗago kai ba.

"Wannan ƙofar taki," ya ce, "za ta ɗauke ni kwana biyu."