Filasta a Ƙarƙashin Gado

Sabon ginin kwalejin koyon aikin jinya ya yi kyau, wannan kam ko maƙiyi ba zai musa ba. Bene hawa biyu, farin fenti, manyan tagogi har da labule. Sai dai in ka tura ƙofar ɗakin gwaji, inda ɗalibai za su koyi ɗaura ruwa da karɓar haihuwa, muryarka ce kawai za ta dawo maka. Gado ɗaya ne a ciki, sai mutum-mutumin roba wanda hannunsa na hagu ya daɗe da rabuwa da shi. Kayan aiki, in ji Shugaban kwalejin, suna hanya. Shekara uku ke nan suna hanya.

Malamar da ke riƙe da wannan ɗaki ita ce ɗalibai ke kira Iya Filasta. Shekara ashirin da shida ta yi tana jinya a babban asibiti kafin ta koma koyarwa, kuma daga can ta taho da halin da ya jawo mata sunan. Duk abin da ya shigo hannunta sai ta yanki filasta ta manna masa, ta rubuta inda ya fito da ranar da ya zo. Haka ake yi a asibiti, don kada almakashin ɗakin haihuwa ya kwana a ɗakin yara. Ɗalibai har cewa suke in ka daɗe a tsaye kusa da ita, kai ma sai ta manna maka a goshi.

Ɗalibai arba'in da ɗaya ne a ajin ƙarshe, kuma babu wanda zai zauna jarrabawar samun lasisi sai hukumar ma'aikatan jinya ta zo ta duba kwalejin ta amince da ita. A cikinsu akwai Auta, 'yar yayan Iya. Yarinyar ta samu gurbi a wata tsohuwar makaranta mai nisa, Iya ce ta je har gida ta hana.

"Yaya, me za ta je nema can, ga sabuwa a ƙofar gida?" haka ta ce masa a lokacin. "Ka bar mini ita, ni zan koya mata da hannuna."

Da takarda ta zo cewa masu dubawa za su iso ranar Laraba, Shugaba ya tara malamai ya faɗi dabararsa: a aro kaya daga babban asibiti, a jera, in baƙi sun tafi a mayar.

"Ranka ya daɗe, kayan aro ba ya rufe katara," in ji Iya.

"To Sista, ba ni wata dabarar. Ina jin ki."

Ba ta da ita. Ta tuna fuskoki arba'in da ɗaya, ta haƙura, kuma ita aka tura aron don ita ce ta san mutanen asibiti.

Babbar sistar asibitin a ƙarƙashin Iya ta koyi aiki, don haka ba ta iya cewa a'a ba. Ta tattaro gadaje takwas, ƙarafunan rataye ruwa, na'urorin awon jini, tukunyar dafa kayan aiki, da kwalbar saka bakwaini wadda ta lalace amma ba mai ganewa da ido. Daga ɗakuna biyar aka haɗo su.

"Yaya, don Allah kowane kaya ya koma ɗakinsa," in ji babbar sistar. "Kar ki haɗa ni faɗa da mutane."

Wannan magana ce ta taɓo Iya a inda take da rauni. Ana sauke kaya daga mota tana bi da filasta da biro. Ba ta rasa wayo ba, a ƙasa take mannawa, can ƙarƙashin ƙarfe inda ido ba ya kaiwa. Kwana biyu ɗalibai suna kankare tambarin asibiti suna shafa fenti. Auta ce ta shimfiɗa zannuwan gado, ta ja kusurwoyi tsaf yadda gwaggonta ta koya mata. Ranar Talata da yamma Iya ta tsaya a bakin ƙofa ta kalli ɗakin cike, ta ji wani daɗi da ta san ba halak ɗinta ba ne.

Mutum uku suka zo. Maza biyu suka duƙufa a kan takardu a ofishin Shugaba. Ta ukun wata 'yar tsohuwa ce, gajera, mai farin gilashi, wadda ka gan ta ka san ta ci zamaninta a ɗakin marasa lafiya. Ita ta nufi ɗakin gwaji. Ta yaba shimfiɗa, ta tambayi ɗalibai yadda ake juya majinyacin da ba ya iya motsi, Auta ta amsa ba gargada. Sannan tsohuwar ta yi abin da kowace tsohuwar nas take yi in ta tsaya kusa da gado: ta zura yatsa ƙarƙashin ƙarfen don ta ji ko akwai ƙura.

Iya ta ga hannun yana sauka. Ita kanta kullum haka take yi wa ɗalibai. Ta ɓoye rubutunta daga idon kowa, ta ajiye shi daidai inda yatsan 'yar'uwarta a sana'a zai fara sauka.

Tsohuwar ta ɓamɓaro filastar, ta gyara gilashi, ta karanta a hankali: "Ɗakin mata, gado na huɗu. A mayar Alhamis."

Tsohuwar ba ta ɗaga murya ba, ta bi kayan ɗaya bayan ɗaya, ba ta ma lalube, kai tsaye hannunta yake zuwa wurin. Ta jera filastocin a bayan hannunta har suka kai gwiwa.

"Wa ya rubuta?"

"Ni ce," in ji Iya.

Tsohuwar ta dube ta da tausayi, wanda ya fi zagi ciwo. "Da ni ce ma haka zan yi, 'yar'uwa. Kayan mutane ne. Amma kin ga na riga na karanta."

Bayan mako uku amsa ta zo. Ba a amince da kwalejin ba, kuma ba za a sake dubawa ba sai bayan shekara biyu. 'Yan ajin ƙarshe, tunda hukuma ba ta taɓa sanin da zamansu ba, duk inda za su koma sai dai su faro daga aji ɗaya. Shugaba ya daina amsa gaisuwar Iya, kamar ita ce ta cinye kayan da ke hanya. Wannan bai dame ta ba. Na yayanta ne ya dame ta, don shi bai yi faɗa ba. Ta je gidan, ya tambaye ta gajiya, ya tambayi yara, ya tashi ya shiga ɗaki. Auta kuwa aka ce ta fita.

Wata biyar bayan haka Iya na wucewa ta layin bayan kasuwa ta hango Auta tana aiki a wani ƙaramin shagon magani, irin mai labule a ciki da benci a waje. Iya ta san irin waɗannan shaguna. Rabin rayuwarta ta yi shi ne tana matse ƙurajen da allurarsu ta haifar, tana kallon yaran da aka shanye wa ƙafa. Darasi guda take warewa a kansu kowace shekara, kuma Auta a layin gaba take zama.

Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo ta gefen labule. Yarinyar ta wanke hannu, ta duba kwanan watan da ke jikin kwalba, ta fitar da iska daga sirinji, ta auna wurin da ya dace ta soka. Iya ta nemi kuskure ɗaya da za ta kama ta rasa.

Auta ta fito ta gan ta. Ta rame, amma ba ta sunkuyar da kai ba.

"Gwaggo, sannu da zuwa. Hana ni kika zo yi?"

Iya ta buɗe baki. Maganar illar irin wannan aiki tana nan, ta faɗe ta a gaban aji ya fi a ƙirga. Amma in ta faɗa, sai ta nuna wa yarinyar inda za ta je gobe da safe, ita kuwa ba ta da wurin nunawa.

Wata mata da ke zaune a benci da yaro mai zazzaɓi a cinya ta miƙe. "Likita, mu ne na gaba?"

Auta ta dubi gwaggonta. Iya ta matsa daga bakin ƙofa ta ba su hanya.