Cigiyar Akuyar Inna Mairo

Wallahi har yau ban manta da walimar nan ba.

Da aka gama girbi, samarin ƙauyenmu, nan gaba da Gezawa, ba su da aiki sai zaman dakali da latsa waya. Sai Abdulhadi, wanda ya yi karatu a birni, ya ce a buɗe guruf a waya na cigiyar dabbobi, tunda rani ya yi, an saki awaki suna bin gonaki. Ni ma na shiga, ina ɗinkina ina leƙawa. Ba zan ci haƙƙinsu ba, tumaki da yawa sun koma gida ta hanyar nan.

Sai dai a da, in ka tsinci dabba gidan mai unguwa za ka kai ta, a ɗaure ta daga ciki. Mai ita ya faɗi kamanninta tukuna, sannan a fito da ita. Su kuwa 'yan guruf, hoto suke ɗauka gaba da baya, har tsagar kunne, su watsa wa duniya. To wane sakarai ne zai kasa faɗin kamannin abin da yake kallo?

Inna Mairo maƙwabciyata ce, tsohuwa, ba ɗa a kusa, ba waya. Duk dukiyarta akuya ɗaya ce, ja mai farin goshi, ga ɗanta ko ciyawa bai fara ci ba. Akuyar ta ɓace. Ɗan ya dinga kuka, Inna tana ɗiga masa koko da yatsa. Ta je wurin mai unguwa, ya ce ai yanzu ba a kawo masa, komai ya koma waya.

Ranar Juma'a ta zo shagona tana dogara sanda.

"Khalilu, duba min a cikin abin nan naku."

Na yi ta ja sama, sai ga hoton akuyar, da igiyarta a wuya. A ƙarƙashi Sha'aban, mataimakin Abdulhadi, ya rubuta: "Tawa ce, ja mai farin goshi. Alhamdulillahi." Na gangaro ƙasa, sai ga sanarwa: Sha'aban ya ba da gudummawar akuya don walimar guruf, yau bayan an sauko daga masallaci. Kowa yana ta sa masa albarka.

Na yar da almakashi na ruga filin firamare inda ake walimar. Ina! Fata tana shanye a ƙasa, tukunya tana tafasa. Na ja Abdulhadi gefe na nuna masa hoton.

"Malam Khalilu, ka rufa mana asiri," in ji shi. "Kada a ɓata sunan tafiyar nan. Za mu san yadda za a yi."

Kafin in iso gida an goge hoton. Tir! Ni dai na faɗa wa Inna gaskiya. Ta koma ta ɗauki ƙoƙon koko.

Ashe ga yadda za a yi ɗin. Bayan la'asar suka yo gayya zuwa ƙofarta, Sha'aban riƙe da kwanon nama, ko kunya babu, Abdulhadi ya saita waya.

"Inna, ga naki rabon," in ji Sha'aban.

Ta dube shi, ta dubi kwanon, ta sa hannu ta tura masa abinsa.

"Kai wa masu haƙori, ɗan nan. Igiyata kawai za ka ba ni, ni na tufka ta."

Na bi su da zagi har bakin hanya, aka ce na cika zafin kai. Ban koma kan keken ɗinki ba wayata ta yi ƙara. Hoton Inna ne da kwanon naman a guruf, an rubuta: "Mun tuna da gajiyayyu." Addu'o'i sai zubowa suke yi, ta bayan katanga kuma ɗan akuya yana ta kuka.

Daidai lokacin da hannunta ke kan kwanon aka ɗauka. Duk wanda ya gani zai rantse karɓa take yi.