Ranar da Mama Ta Dafa Mini Shayin Baƙi

Tun da aka kawo ni gidan Hiraoka ina amarya, ni ke kunna wutar gashin shayi. Shagonmu yana cikin wani lungu a Kanazawa, kuma ƙamshi ne ke kira mana masu saye. Da safe in na zuba karan ganyen shayi a gangar ƙarfe na fara juyawa, kafin ya rine daga kore zuwa ruwan ƙasa tsofaffin layin sun fara leƙowa suna tambayar ko hojica, wato gasasshen shayin, ta sauka. Mijina Noboru shi ke awo da hira da mutane. Hirar ma ya fi iyawa, don in aka bar shi da ganga sai ya ƙona rabin buhu yana ba wani labarin kamun kifi.

Na surukata kuwa daban nake yi. Mama Kinu tana da ciwon zuciya, likita ya hana ta koren shayi, ya ce yana hana ta barci yana kuma tayar mata da bugun. Gasasshen kawai ya yarje mata, don ba shi da kaifi, ba ya ƙwaƙular ciki, shi ya sa har yara da majinyata ake ba su. To amma Mama ba ta shan na ganga. Sai na ɗora ɗan kaskon yumɓu a wuta, na zuba cikin tafi guda, ina kaɗawa ba tsayawa har siririn hayaƙi ya taso, sannan in juye a buta, in sheƙa masa tafasasshen ruwa, in tsiyaye nan take. Yau ta kurɓa ta ce ya yi ɗaci, gobe ta ce ya yi salam, amma ban taɓa ganin kofin ya dawo da saura ba.

Da Noboru ya yanke jiki ya faɗi a bayan kantar shago bai tashi ba, ni da ita muka rage a gidan, don ban haihu ba. Ranar da aka ƙone gawarsa bisa al'ada aka dawo da tokarsa, Mama ta kama hannuna a kicin ta ce, "Harue, ki kwantar da hankalinki. Muddin ina numfashi, gangar nan taki ce, gidan nan gidanki ne." Ban roƙe ta ba, ita ta faɗa da bakinta. Ni kuwa na yarda, na rungumi shago na rungumi tsohuwa, wanka da magani da zuwa asibiti duk a kaina.

Ƙanin mijina Susumu a Tokyo yake, yana wani aiki da har yau ban gane kansa ba, wai ba kamfanoni shawara. Da can sai hutun sabuwar shekara muke ganinsa, daga barci sai latsa waya. Kwatsam ya fara zuwa a kai a kai, yana kewaya shago da wani mutum mai igiyar awo suna ƙwanƙwasa bango. Da na tambaye shi sai ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya, girgizar ƙasa muke wa tanadi. Ko so kike rufi ya rufto miki a kan ganga?" Na tambayi Mama, ta ce ita me ta sani, in miƙo mata tabarau.

Washegarin addu'ar cikar Noboru shekara da rasuwa, ina lambun baya ina kakkaɓe matasan da dangi suka zauna a kai, Susumu ya leƙo ya ce Mama na kira. Na nufi kicin, ya ce a'a, ɗakin baƙi.

Ɗakin nan ban taɓa shigarsa ba sai da tsintsiya ko da tire. Na tarar Mama ta sa kimononta, doguwar rigar gargajiya mai ruwan toka, ta zauna kusa da ƙofa, ta bar mini matashin da ke can ƙurya inda ake zaunar da manyan baƙi. A gabanta ga 'yar butar da ake ɓoyewa a saman kabad, ga gwangwanin koren shayi mai tsada, ga fararen kofuna kowanne da faifansa na katako. A gidanmu, kamar kowane gida da na sani, mutanen gida gasasshe suke sha, kowa a kofinsa, a tsaye ko a zaune. Kore a kan faifai na wanda zai sha ya tafi ne. Kofina mai kauri, mai tsaga a baki, yana can kicin.

Na zauna. Koren shayi ba ya son tafasasshen ruwa, sai an zuba a kofuna an jira ya huce kafin a mayar buta. Mama ta yi komai a tsanake, hannun nan da ke rawa in zan ba ta magani ranar ko gezau bai yi ba. Muna zaune muna kallon tururi, Susumu ya gyara murya.

"Yaya, kin sha wahala da mu. Mu kam ba mu da bakin godiya."

"Wace wahala? Ai gidanmu ne."

"To, shi ne dai. Ni da Mama mun duba, mun ga lokaci ya yi da za ki huta. Da sauranki, bai kamata mu ɗaure ki ba. Na yi magana da yayanki a Toyama, ya ce ɗakinki yana nan."

"Ka yi magana da yayana? Yaushe?"

"An ɗan jima. Tun bazara."

"Shagon fa?"

"Za a rushe gaban a yi wurin zaman shan shayi. Yaran yanzu da madara da ƙanƙara suke son hojica, su ɗauki hoto su tafi. Garin shayin daga kamfani za a riƙa kawowa. Ganga kuwa a goge ta a ajiye bakin ƙofa, ado ce mai kyau."

"Ni ma sai ku goge ni ku ajiye kusa da ita."

"Kin ji ki, Yaya. Ke dai ba kya rasa abin faɗa."

Ban ƙara kallonsa ba, don ba shi ya yi mini alkawari ba. Mama nake kallo. Tun bazara ke nan ta sani, ko ƙurar jana'iza ba ta gama kwantawa ba. Ina cuɗa mata baya a baho ta sani. Ina riƙe da ita cikin dusar ƙanƙara zuwa asibiti ta sani. Kullum ta karɓi kofi daga hannuna ta yi mini tsiyar ɗaci, ko da wasa ba ta taɓa nuna mini da wani abu a ƙasa ba. Wannan ya fi korar ci mini rai.

"Mama, ke ma haka kika ce?"

Ta tsiyaye shayin, kaɗan nan kaɗan can, har ɗigon ƙarshe. Ta ɗora kofi a faifai ta turo mini da hannu biyu, idonta a kan tabarma.

"Susumu yana da ɗa, Harue. Sunan gidan nan sai an samu mai ɗauka."

"Kin ce muddin kina numfashi."

"Mutum in yana cikin makoki yana faɗin abubuwa. Sha, kada ya huce."

Sai na ga ta ɗauki nata kofin za ta kai baki. Ga haushi yana cina, amma bakina ya riga ni.

"Mama, ajiye. Likita ya hana ki wannan."

Ta ɗago ta dube ni, karon farko tun da na shigo, da murmushin nan da take yi wa masu kawo gaisuwa.

"Ba komai," in ji ta. "Ai ba a barin baƙuwa ta sha ita kaɗai."

Na shanye nawa. Shayin mai kyau ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Na yi godiya kamar yadda ake yi, na ce zan je Toyama in ji daga bakin yayana. Na miƙe zan bi ta kicin, Susumu ya yi wuf ya ja mini ƙofar da ke fita ta gaba. Takalman da na tuɓe a ƙofar baya duk laka, matarsa da ta zo addu'ar ta riga ta zagayo da su, ta goge su tas, ta jera su suna fuskantar titi don kada in sha wahalar juyawa. Ga rigar sanyina a ninke a gefe.

Mama ta biyo ni tana dafa bango. Ta durƙusa da ƙyar, ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa katako.

"Ki sauka lafiya," ta ce. "In kin shigo gari, ki riƙa leƙo mu."