Injin da Ba Ya Barin Giɓi

Haƙorana cif suke, ko ɗaya bai faɗi ba, amma duk layinmu Giɓi ake kirana, har jikokina. Mijin yayata ne ya liƙa min sunan, kuma a kan teburin sunuka, wasan nan na ƙwallaye da sanda, ya liƙa min shi.

Teburin yana bayan shagon Mai Aski, a ɗakin da a da yake jibge karyayyun kujeru. Fanka ɗaya ce mai kuka, da benci biyu, da taga mai kallon bayan gidan burodi. Nan mu da muka ajiye aiki muke taruwa da yamma. Ni tela ne, ido ya fara gajiya na bar wa 'ya'yana shago. Mijin yayata kuwa babbar mota ya ja har kansa ya yi fari, kuma Tsawa ake ce masa. Ba don murya ba, ko da yake ita ma Allah ya ba shi. Don bugunsa na farko ne. Idan aka jera ƙwallayen nan goma sha biyar ya saki farar ƙwallo a kansu, Mai Aski kan ɗaga reza daga wuyan mutum sai ƙarar ta wuce.

Dokar ɗakin ita ce mai fasawa, wato mai bugun farko, ba ya jera wa kansa, abokin karawarsa ke jera masa da katakon nan mai kusurwa uku. Ni nake jera wa Tsawa, shi yake jera min. Kuma duk mai riƙe sanda ya san idan ƙwallaye suka manne da juna, bugu ɗaya ke tarwatsa su. In kuwa aka bar ɗan giɓi a tsakani, ƙarfin bugun a nan yake mutuwa, su yi zamansu a cunkushe.

Bara waccan Tsawa ya kwanta jinya mai tsawo. Ya tashi, ya dawo da cinsa da faɗansa, amma hannun dama bai dawo duka ba. Ranar da ya fara leƙo ɗakin, na jera masa ƙwallaye yadda na saba, matse gam, don ni mutum ne da ya yi rayuwarsa da tef a wuya. Ya goga alli a kan sandarsa, ya sunkuya, ya buga. Farar ƙwallo ta tafi a hankali ta taɓa su, suka ɗan muskuta kamar mutanen da ke matsa wa baƙo wuri a benci. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi, na ga yana kallon hannun nasa.

Sai na ji bakina ya ce, "Af! Yi haƙuri, na bar giɓi."

Ya ɗago ya dube ni, sannan ya daka min tsawar da ya kasa yi wa ƙwallayen. "Na faɗa! Tela ba ya barin halinsa, ko ƙwallo ka ba shi sai ya rage yadi!"

Aka fashe da dariya, wasa ya ci gaba. Tun daga ranar, duk bugun farkon da ya yi sai ya nuna ni da sanda ya ce, "Giɓi!" Don kada wani mai bin diddigi ya sunkuya ya ga babu, sai na fara barin giɓin da gaske, ɗan siriri, kaurin allura, a bayan ƙwallon gaba. Sunana ya ɓaci a layi, har mai burodi yakan ƙirga canjinsa a gabana yana murmushi. Ban damu ba. Mutumin nan shi ya koya min riƙe sanda tun yana zuwa zance wurin Yaya, kuma ina ƙaunarsa, ko da yake gara in haɗiye allin nan da in faɗa masa. Abin da nake tsoro ɗaya ne, kada wata rana ya buga a rasa wanda za a ɗora wa laifi, don na san daga ranar ba zai sake taka ɗakin ba.

To, Tsawa yana da ɗa mai gyaran firji da ake kira Injiniya. Mutumin kirki ne, mai son ubansa, sai dai ya yi imani cewa babu damuwar da ba a ƙera mata na'ura ba. Kullum uban ya koma gida sai ya kai ƙarata a kan tabarmar cin abinci, shi kuma Injiniya yana ji yana cizon yatsa. Wata yamma sai ga shi da kwali a kafaɗa.

"Kawu, yau an gama rigima," ya ce da ni yana yage kwalin. "Inji ne na jera ƙwallo. Ka ɗora shi a kan alamar tebur, ka zuba ƙwallaye, ka danna hannayen nan biyu, ya matse su, ka ɗaga. Ba ya sani ba ya sabo."

Abu ne na ƙarfe da roba, mai kusurwa uku shi ma, amma da murfi da sifirin da hannaye kamar na keke. Na zagaya shi ina neman aibu.

"Wannan nauyin ai zai yaga ƙyallen tebur."

"Akwai roba a ƙafafunsa, Kawu."

"Kafin a saita shi ai an gama wasa guda."

Ya danna, ya ɗaga, kafin in rufe baki ƙwallaye sun jeru.

"To in ya lalace fa? Wa zai gyara?"

Ya nuna ƙirjinsa. Na manta da mai gyaran firji nake magana.

Mai Aski ya baro wani da rabin gemu ya shigo. Shi murna yake, don samarin da ke wasa da safe ba su da aiki sai faɗa a kan jeri, har sun taɓa karya masa sanda. Ya zaro sabuwar reza ya gwada cusa ta tsakanin ƙwallayen. Ta ƙi shiga ta gaba, ta ƙi shiga ta baya. Ya ce, "Giɓi, yau kasuwarka ta watse."

Duk wannan Tsawa yana gefe yana goga alli. Ya goga, ya busa, ya sake gogawa, har kan sandar ya yi shuɗi fiye da kima.

"Baba, bismillah," in ji Injiniya, fuskarsa cike da fara'a. "Nuna musu."

Ya sunkuya ya buga. Ƙwallaye suka muskuta, biyu suka gangara gefe suka tsaya, sauran suna nan a dunƙule. Na buɗe baki da "Af" ɗina na kullum, amma ba ni na jera ba, kuma rezar tana hannun Mai Aski. Na rufe bakin.

"Kan sandar ne ya cinye," in ji Injiniya da sauri. "Gobe zan kawo sabuwa."

Tsawa ya jingine sandar a bango a hankali. Ya ce ya tuna bai sha magani ba, ya fita. Bai zage ni ba, kuma wannan ya fi min zagin ciwo.

Bai zo washegari ba, bai zo ranar da ta biyo ba. Injin kuwa ya yi farin jini. Samari suka daina faɗa, jeri ya zama iri ɗaya ga kowa, ni kaina da na fasa a kansa sai da na ji daɗin yadda ƙwallaye suka watsu. In gaskiya za a faɗa, abin yana aikinsa. Amma bencin da Tsawa ke zama babu kowa, kuma babu mai kirana da sunana da ƙarfin da na saba ji.

Da abin ya yi tsawo na je gidan. Yaya ta tare ni tun daga ƙofar kicin da ludayi a hannu.

"Me kuka yi masa? Mutumin nan ya hana ni sakat. Jiya koya min shanya kaya ya yi, yau ya sake wa tukwanena wuri, wai ba a loda su daidai ba. Ni da kicin ɗina! Ka zo ka kwashi kayanka."

Na leƙa falo. Yana zaune gaban talabijin da aka kashe wa murya, jakar sandarsa kuma na hango ta an tura ƙarƙashin kujera. Muka gaisa, muka yi maganar zafi da tsadar taya. Ko sau ɗaya bai ce min Giɓi ba, sai "ƙanin Hajiya", kamar wani baƙo.

A hanyar komawa dabara ta zo min. Idan mutum yana barin giɓi, me zai hana inji ya bari? Da safe na shiga shagon 'ya'yana na yanko ɗan ƙyalle mai kauri, bai wuce faɗin farce ba. Na lallaɓa ɗakin sunuka lokacin da Mai Aski ke fama da kan wani jariri mai ihu, na kifa injin, na manna ƙyallen da gam a inda yake dafe ƙwallon gaba. Na gwada. Ga giɓi nan, siriri, kyakkyawa, kamar ni na bar shi da hannuna.

Na koma gidan Yaya da gudun tsofaffi. "Taso ka gani! Ashe injin ma macuci ne. Ranar nan ma giɓi ya bar maka, reza ce ba ta kai wurin ba."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Zan zo," ya ce, "don in ga iyakar ƙaryar tela."

Da yamma ɗakin ya cika, don Yaya ta buga wa Injiniya waya cewa injinsa ya lalace, shi kuma ya iso da sukudireba a aljihu kamar an zagi sana'arsa. Aka zuba ƙwallaye, aka danna, aka ɗaga. Mai Aski ya kawo reza, ta shige sumul.

"Kun gani!" na ce, ina tafa hannu. "Ni aka raina, ashe har na kamfani yana yi!"

Injiniya ya kifa injin zai kwance, amma uban ya riga shi gani. Ya sa farce ya ɓanɓaro ƙyallen, ya kai shi gaban taga, ya juya shi. Sai a lokacin na tuna abin da na yi. Hannu da sabo, kafin in manna shi sai da na bi gefensa da allura na kalmashe shi tsaf, don kada zare ya zazzago.

"Injiniya," in ji Tsawa, "injin nan naka a shagon ɗinki aka ƙera shi? Kai Giɓi, ko zamba za ka yi sai ka yi mata kalmasa?"

Ɗakin ya kece da dariya, Mai Aski har da riƙe bango. Ni kuwa na rasa inda zan sa idona.

"Haba Kawu," in ji Injiniya, ransa a ɓace. "Me na yi maka? Ni don Baba na saya, kai kuma..." Sai ya tsaya. Idonsa ya sauka a kan hannun uban, wanda ke riƙe da ɗan ƙyallen nan a hasken taga. Ƙyallen da bai kai nauyin gashin kaza ba yana ta rawa tsakanin yatsunsa. Injiniya ya kalli hannun, ya kalle ni, ya mayar da sukudireba aljihu.

Tsawa ya jefa ƙyallen a aljihun rigarsa. "Ɗauke injinka, ɗana, ka bar wa samarin safe. Abu ne mai kyau, Allah ya yi maka albarka. Sai dai ranar nan na zage shi a zuciyata tas, ko haƙuri bai ba ni ba. Mai Aski, ina katakon nan?"

Aka lalubo shi a bayan benci, duk ƙura. Na goge shi da hannun riga na sunkuya ina jeri. Tsawa ya zagayo ya sunkuya kusa da ni kamar mai sa ido kada a cuce shi, ya yi ƙasa da murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Ranar farkon nan ba ka bar komai ba. Na duba kafin in buga."

Hannuna ya tsaya a kan ƙwallayen. "To me ya sa ka zage ni?"

"Kai ka miƙo, in ƙi karɓa?" Ya miƙe ya ɗaga murya. "Yi sauri malam, ba zanen amarya kake ɗinkawa ba!"

Na ji hawaye na neman kunyata ni a gaban mutane. Na ja ƙwallon gaba da ɗan yatsa kaɗan, na ɗaga katakon.

Ya goga alli sau ɗaya, ya sunkuya, ya buga. Ƙwallaye suka muskuta, uku suka gangara, sauran suka yi zamansu. Ya ɗaga sanda zai nuna ni, amma wani ya riga shi.

"Haba Kawu, ka ji tsoron Allah!" in ji Injiniya. "Wannan giɓin ai motar Baba ma ta wuce ta ciki da kaya!"

"Gaya masa dai!" in ji Tsawa, yana buga gindin sanda a ƙasa. "Giɓi!"

"Ku yi haƙuri," na ce, ina rataye katakon a ƙusa. "Hannun ne ya tsufa."